Labarin Nutso: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirya Shi da Sayar da Shi a Saudiyya

Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a 2018, aka kuma fara bikin Mausim Riyad a 2019, nuni da nishaɗi suka zama sana'a a ƙasar nan, kuma yaranmu na Makka da Jidda da Madina sun lura. Da yawansu sun iya ɗaukar bidiyon biki, sun iya tace shi a kwamfuta, yanzu kuma suna son sanin yadda ake yin labarin da mutum zai sa tabarau ya tsinci kansa a ciki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a majalisa da a WhatsApp.

Wai mene ne labarin nutso ɗin nan da ake ta faɗa?

Labari ne da aka shirya yadda mai kallo zai ji a cikinsa yake tsaye, ya juya dama ya ga abu, ya ɗaga kai ya ga wani. Ana yin sa ta hanyoyi kaɗan. Akwai tabarau rufaffe, wanda da ka sa shi ɗakin da kake ya ɓace, wata duniya ta maye gurbinsa. Shi ne ake rubuta wa VR a jikin kwali. Akwai ɗori a kan zahiri, inda za ka nuna kyamarar wayarka ga bango ko titi sai wani hoto ya bayyana a kai. Wannan AR ke nan, kuma duk wanda ya taɓa wasa da fuskokin Snapchat ya riga ya san shi. Akwai gauraye, inda kana ganin ɗakinka ta cikin tabaron amma an ajiye abubuwa a ciki. Idan an haɗa su duka ana cewa XR.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar komai a fuska: ɗaki ne da majigi ke haska bangonsa da ƙasansa. Wanda ke Jidda ya je Al-Balad, tsohon cikin gari, ya ga teamLab Borderless da aka buɗe a 2024, zai fahimci abin fiye da duk bayanin da za a rubuta masa. Gani ya kori ji.

Sai na sayi tabarau mai tsada kafin in fara?

A'a. Meta Quest 3S ya fito a Oktoban 2024 a kan dala 299, wato wajen riyal 1,120 kafin haraji da kuɗin kawowa, kuma ya ishi mai koyo da mai sana'a duka. Quest 3 na 2023 ya fi shi kyan gilashi, ya fito a dala 499. Apple Vision Pro kuwa ya fito a 2024 a dala 3,499, sama da riyal dubu 13, kuma babu wanda za ka sayar wa aiki a unguwarmu da ke da shi a gida.

Kafin ma tabaron, wayarka ta isa gwaji. YouTube na karɓar bidiyon zagaye tun 2015. Ka ɗauki minti biyu, ka ɗora, ka ba mutane su juya waya su kalla, ka tsaya gefe kana lura da inda suke duba.

Manyan kamfanoni na zuba miliyoyi a wannan harka. Mu me muke da shi da ba su da shi?

Harshe da kakanni.

Kamfanin da ya yi wa hukuma babban nuni zai fi ka na'ura, zai fi ka ma'aikata. Amma ba zai iya shiga gidan wata tsohuwa a unguwar Shari Mansur ta Makka ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ta saki jiki ta ba shi labarin yadda mahaifinta ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa ba. Wannan hanya ita ce babbar taskarmu, kuma kusan ba a taɓa ta ba. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, maniyyaci kan bi ta Borno, ya ƙetara Cadi ta Abeshe, ya shiga Darfur ta Junaina da Fashir, ya wuce Ubayyid zuwa Omdurman, sannan ya gangara Sawakin ko Fot Sudan ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, domin ana tsayawa a yi noma ko ƙwadago a tara guzuri. Wasu sun tsaya cirar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925, ba su ƙara gaba ba. Wasu an haife su a hanya. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, kuma garin na nan har yau.

Yanzu ka yi tunanin yaro ɗan Makka, wanda a takardarsa an rubuta Hausawi amma bai taɓa ganin Kano ba, ya sa tabarau ya tsinci kansa a zango da daddare, ga wuta, ga jakuna, ga muryar kakarsa tana ba da labari. Ko ya tsaya a tsakiyar kangon gidajen murjani na Sawakin yana jin yadda ake cinikin kuɗin jirgi. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai a hannun wanda ya san gidajen, kuma lokacinsa na ƙurewa, don waɗanda suka ji labarin daga bakin matafiyan kullum raguwa suke. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya hana zuwa yawancin wuraren a ɗauko hotonsu, amma bai hana ɗaukar murya ba. A fara da murya. Hoto ana iya gina shi daga baya.

Na saba rubuta ɗan gajeren fim. Rubutun wannan daban ne?

Daban ne ƙwarai, kuma a nan yawancin masu farawa ke tuntuɓe. A fim kai ke riƙe da idon mai kallo: ka matso da kyamara, ka yanke, ka nuna masa hawaye. A tabarau idonsa nasa ne. Kana iya shirya mafi kyawun abu a gabansa, shi kuwa yana can yana kallon silin. Matsayinka ya koma na mai masauki: baƙo ya shigo, ba za ka kama kansa ka juya ba, sai dai ka jera ɗakin yadda idonsa zai faɗa inda kake so.

Tambayar farko kafin ka rubuta layi ɗaya ita ce: mai kallo wane ne a cikin labarin? Ɗan ayari ne da ake yi wa magana ido cikin ido, ko kuwa ɗan kallo ne da babu mai ganinsa? Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Idan a minti na farko an gaishe shi, a minti na uku kuma kowa na wucewa ta gabansa kamar babu shi, zai ji wani abu ya goce ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Sai jan hankali. Sauti ya fi komai aiki: a kira suna daga hagu, mutum zai juya hagu ba tare da ya yi shawara ba. Shi ya sa ake ɗaukar sauti da makirfo mai jin kowane ɓangare, irin Zoom H3-VR, yadda idan mai kallo ya juya kai muryar za ta tsaya a inda mai ita yake. Bayan sauti sai haske da motsi, sai kuma kallon 'yan wasa. Idan mutum uku suka waiwaya wuri guda, mai kallo zai bi su.

Kada a yawaita yanka. Duk lokacin da ka sauya wuri, mutum na buƙatar 'yan daƙiƙu ya leƙa ko'ina ya gane inda aka ajiye shi, kuma duk maganar da aka yi a wannan tsakanin ta tafi a banza. Ka bar shi ya gama waige-waigensa tukun. Tsawon labari kuwa, ga wanda bai taɓa sa tabarau ba, minti bakwai zuwa goma ya wadatar. Mai rubutu kan ga kamar ya yi kaɗan. Wanda na'ura mai nauyin rabin kilo ke manne a goshinsa ba ya ganin haka.

In ɗauka da kyamarar zagaye ne, ko in gina wurin a kwamfuta?

Ya danganta da ko wurin yana nan. Idan yana nan kuma ana barin ɗauka, kamar lungunan Al-Balad da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi a 2014, kyamarar zagaye irin Insta360 ko Ricoh Theta ta fi sauƙi da arha. Sai dai a kula da abu uku. Hoton ana shimfiɗa shi ne a zagaye gaba ɗaya, ido kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu yake gani a lokaci guda, don haka 4K da ke da kyau a talabijin dishi-dishi yake fita a tabarau; a nemi 5.7K ko 8K. A sa kyamarar daidai tsayin idon mutum, in ba haka ba mai kallo zai ji ya zama wada ko kuma yana shawagi. Kuma kada ɗan wasa ya tsaya dab da inda hotunan gilasan kyamarar biyu ke haɗuwa, don ɗinkin zai raba masa fuska. Ma'aikata kuma ba su da bayan kyamara da za su tsaya, dole kowa ya nemi maɓoya.

Idan wurin ya shuɗe, kamar zangon 1930, ko kana son mutum ya taka ya ɗauki abu da hannunsa, to gini ne. Blender kyauta ne, da shi ake sassaƙa kaya. Unity da Unreal manhajoji ne na haɗa wurin gaba ɗaya. Unity kyauta ne ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala dubu 200 a shekara ba, Unreal ma ba ya karɓar komai sai an haura dala miliyan ɗaya. Akwai tsaka-tsaki mai daɗi: ka zagaye tsohuwar akwatin kaka ko ƙwaryarta da waya kana ɗaukar hotuna da yawa, manhaja irin Polycam ko RealityScan ta mayar maka da ita siffa mai jiki, ka ajiye ta cikin duniyar da ka gina. Abin gaske guda ɗaya a cikin ginannen wuri yana sa a yarda da sauran.

Me ya sa wasu ke jin jiri ko tashin zuciya?

Saboda ido na cewa ana tafiya, cikin kunne kuwa, inda ma'aunin jiki yake, na cewa a zaune ake. Maganinsa a hannun mai shiryawa yake. Kada kyamara ta yi tafiya, musamman juyawa ko ƙara gudu. In dole ne, ta tafi miƙe a hankali. Kada layin ƙasa da sama ya karkace. A aikin da aka gina, kada hotuna su gaza 72 a daƙiƙa, 90 ya fi. Wanda ya ce ya fara jin wani iri, a cire masa nan take, ban da lallashin "saura kaɗan".

Hausa da Larabci suna fita daidai a cikin manhajojin nan?

Ba kullum ba. Yawancin salon haruffa ba su da ɗ da ƙ da ɓ, sai ka ga murabba'i a gurbinsu. Haruffan Noto na Google suna da su, kuma kyauta ne. Larabci kuwa a Unity yakan fito a rarrabe kuma a juye, sai an ƙara masa wani kayan gyara. Amma shawara mafi amfani ita ce a rage rubutu gaba ɗaya. Karatu a cikin tabarau wahala ne, kuma da yawa daga cikin tsofaffin da muke yi wa aikin da kunne suka fi fahimta. A ɗauki murya sau biyu ko uku, Hausa da Larabci da Turanci, mutum ya zaɓa a farko. Kuma a bar kowa da Hausarsa. Idan tsohuwa ta ce "ya'ani" ko ta kira waya "jawwal", haka mutanen nan ke magana. Kada a goge don a yi kama da labaran rediyo.

Malam, ya batun addini? Ana iya yin Ka'aba da Masha'ir, wato Mina da Arfa da Muzdalifa, a tabarau?

An riga an yi. A Disamban 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma, tare da Jami'ar Ummul Ƙura, ta ƙaddamar da shirin ganin Hajarul Aswad ta tabarau. Da surutu ya yi yawa a intanet, hukumar addini ta Turkiyya, Diyanet, ta fito a farkon 2022 ta bayyana cewa irin wannan ziyara ba Hajji ba ce. Babu mai hankalin da ya yi musu. Don haka a tallarka kada ka kuskura ka rubuta "yi Umara daga gida". Ka ce bita ce, ka ce koyo ne.

Iyaka ta biyu a fili take: ba a siffanta Annabawa, kuma a ƙasar nan kada ka kusanci siffanta Sahabbai. Ka je unguwar al'adu ta Hira da aka buɗe a gindin Jabalun Nur a 2023, ko gidan tarihin Sira da ke kusa da Masallacin Annabi a Madina, ka ga yadda suke ba da labari da wuri da haske da murya ba tare da fuskar kowa ba. Darasi ne na sana'a, ba na fiƙihu kaɗai ba. Sannan duk aikin da ya shafi ibada, a ba malamin da aka yarda da shi ya sa tabaron da kansa ya duba kafin ya fita. Karanta masa rubutun bai isa ba, don kuskuren kan kasance a wurin da aka tsayar da mutum ne ko ɓangaren da aka juyar da shi.

Ina buƙatar izini kafin ɗauka?

Ƙwarai. Ɗaukar kasuwanci a Harami ko Masha'ir ba ya yiwuwa sai da tasrihi daga hukuma, jirgi marar matuƙi kuma sai da izinin hukumar jiragen sama ta GACA. Kyamarar zagaye tana da wata matsala tata: tana kwashe kowa da kowa, har matar da ke wucewa ta bayanka. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal dubu 500 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamara. Dokar kare bayanan mutane ma ta fara aiki a Satumban 2023. A ɗauka da sassafe kafin titi ya cika, a dusashe fuskar wanda bai ba da izini ba.

Akwai abin da doka ba ta faɗa ba amma mu mun sani. A cikin dattawan da suka fi kowa labari akwai waɗanda takardunsu ba su daidaita ba. Kada son aiki ya sa ka nuna fuskar mutum da ƙofar gidansa ka jawo masa abin da ba ka iya cire shi. Murya da hannuwa sun isa, suna ma ana iya sauyawa.

To wa zai saya? Mutanenmu ai ba su da tabarau.

Gaskiya ne, kuma wanda ya gina sana'arsa a kan cewa kowa zai sayi tabarau ya sauke aikinsa daga shagon Meta zai daɗe yana jira. Ga shi shagon na cire kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Mai sayen aikinka ba mai kallo ba ne. Wanda ke tara masu kallo ne.

Na farko a jerin su ne masu jigilar alhazai. An ware wa Najeriya kujera dubu 95 a Hajjin 2023 da na 2024, ban da Nijar da Gana da Kamaru, ban da masu Umarar azumi. Hukumomin alhazai na jihohi suna yi wa maniyyata bita, wani wuri har da ɗan ginin Ka'aba na gwaji, amma babu allon da zai nuna wa tsoho daga ƙauye yadda tantunan Mina suke kama da juna, ko yadda ake hawa gadar Jamarat mai hawa-hawa a shiga ta nan a fita ta can. Ɓatan hanya da firgita a cunkoso su ne ciwon kan kowane jami'in alhazai. Wanda ya kawo bita ta minti goma da Hausa, wadda ke rage wannan, ya kawo abin da ɗan jirgin yawo zai iya ƙarawa a cikin kuɗin kujera ya kuma yi taƙama da shi. Ka lura, a nan ba kyan hoto kake sayarwa ba, raguwar wahalarsa kake sayar masa, kuma da wannan harshe za ka yi masa magana.

Na biyu makarantu da gidajen tarihi da masu shirya taruka. Na uku otal-otal da masu kai ziyara Uhud da Ƙuba da Hira, waɗanda ɗori a waya ya fi dacewa da su: lambar QR a jikin mota, alhaji ya nuna wayarsa, bayani ya fito da Hausa. Na huɗu, wanda ake rainawa, iyalai masu hali da ke son a adana tarihin gidansu. Su ba sa neman ragi sosai idan aikin ya taɓa zuciya.

Lokaci ma ciniki ne. Wanda ya zo da tayinsa a Shawwal ya makara, an gama kasafin Hajji tuni. Ana ƙulla magana ne tun daga Muharram zuwa Rajab.

Yaya zan yanka farashi?

Hanya uku ce: a ba ka kwangila ka yi aiki ka miƙa, ko ka ba da haya da na'ura da mai kula a kan kuɗin yini, ko ka sayar da tikiti. Ta ukun ta fi daɗin ji, ta fi haɗari. Yi lissafi: tabarau shida, labari na minti goma, da minti biyar na cirewa da gogewa da sa wa na gaba. Zagaye huɗu ke nan a awa, mutum 24. A riyal 20 kowane, riyal 480 a awa idan kujeru sun cika, kuma ba sa cika. Daga ciki za ka biya haya da ma'aikata biyu, ga harajin kashi 15 idan cinikinka ya kai a yi rajista, ga batir da wajen awa biyu kawai yake yi. Shi ya sa mai farawa ya fi samun kwanciyar hankali a kwangila da haya. A kwangila a karɓi arbun, wato kafin alƙalami, kafin a fara, a rubuta sau nawa za a yi gyara kyauta.

Ni da iƙama, takardar zaman baƙo, nake zaune. Zan iya buɗe wannan sana'a?

Ba da sunan wani ba. Yin kasuwanci a ɓoye ƙarƙashin sijilli, wato rajistar kasuwanci, na ɗan ƙasa shi ne tasattur, kuma hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar, ga mai sunan da mai aikin duka. Hanyoyin halal su ne ka yi aiki a mu'assasa ko kamfani mai lasisi a matsayin ma'aikaci, ko ka bi ta lasisin zuba jari idan kana da ƙarfinsa. Wanda ke da jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, hanyarsa ta fi sauƙi, har da takardar aikin kai. A nemi lauya ko ofishin da ya san harkar kafin a buga fatura, takardar biyan kuɗi, ta farko.

Yaya ake tallar abin da ba a iya nunawa a allo?

Wannan ita ce matsalar sana'ar tun asali. Hoton da aka ciro daga tabarau a shimfiɗe yake, ba ya ɗauke da komai na abin da mutum ya ji. Abin da ke sayarwa shi ne mai kallon kansa: dattijo ya miƙa hannu zai taɓa abin da babu, ko ya cire tabarau ya yi shiru. Ka ɗauki wannan, da izininsa, ka haɗa da ɗan abin da yake gani, daƙiƙa talatin.

A ƙasar nan Snapchat ne sarki, kuma manhajarsa ta yin ɗori, Lens Studio, kyauta ce. Ga mutanen gida kuwa, TikTok da Facebook, sai uwa uba saƙon murya a WhatsApp, wanda ke yawo daga Kano zuwa Damagaram ba ka biya ko sisi ba. Kada dai ka jingina sana'arka da dandali ɗaya: Meta ta rufe manhajarta ta yin ɗori, Spark, a Janairun 2025, duk waɗanda suka gina ɗorinsu na Instagram a kai suka wayi gari babu. Abin da za ka iya yi ya buɗe a burauza kai tsaye ta WebXR, hanyar buɗe irin wannan aiki ba sai an sauke manhaja ba, yi shi a can.

Idan za ka biya wani mai mabiya ya tallata maka, tambaye shi lasisin talla na Mausuƙ, wanda ake biyan riyal dubu 15 na shekara uku tun 2022. Amma ga babban ciniki babu abin da ya kai ka ɗauki tabaron a jaka ka je ofishin mutum ka sa masa. Minti biyar a fuskarsa ya fi shafi ashirin a teburinsa.

Yaya, ni mace ce, kuma mata da tsofaffi nake son nuna wa. Me zan shirya?

'Yar'uwa, ke ce ma kike da kasuwar da maza ba sa iya shiga. Wanda ya sa tabarau ba ya ganin kowa alhali kowa na ganinsa, kuma mace ba za ta saki jiki a haka ba sai a wurin mata, da mace mai sa mata. Ki nemi maɗauri mai faɗaɗawa ta baya wanda zai hau kan hijabi ko ɗaurin ɗankwali ba sai an kwance ba. Ki sa murfin fuska na roba da ake gogewa bayan kowane mutum, don kwalli da hoda da zufa suna kama soso. Tsofaffi a zaune, a kujera mai juyawa in da hali, kuma ki faɗa musu tun farko cewa kina nan kusa, in sun ɗaga hannu za ki cire. Ki haɗa tabaron da talabijin yadda masu jira za su ga abin da ake gani. Yana rage tsoro, yana kuma sa hira. Ƙananan yara a bar su da waya, Meta ma ba ta yarda da ƙasa da shekara 10 ba. Kuma kada ki bar gilashin ciki ya kalli rana ko na ɗan lokaci, hasken na ƙona allon, ranar Makka kuwa kin san ta.

Akwai inda ake samun tallafi ko a shiga gasa?

Akwai. Cibiyar Ithra da ke Zahran tana da shirin Creative Solutions da ke tallafa wa masu irin wannan aiki. Ma'aikatar Al'adu na da hukumar fina-finai da asusun raya al'adu, bikin fina-finai na Bahar Maliya kuma ana yin sa a Jidda tun 2021, wuri ne na haɗuwa da masu kuɗi. Kowane shiri da sharuɗɗansa kan ɗan ƙasa da mazauni, a karanta kafin a ɓata lokaci. A waje, bikin fina-finai na Benis a Italiya na da gasar irin waɗannan ayyuka tun 2017, kuma a 2019 ɗan Najeriya Joel Kachi Benson ya ci lambar labari mafi kyau a can da aikinsa kan iyayen 'yan matan Chibok. Ba na'ura ce ta ba shi ba, ya je ya zauna da mutanen ne.

In na gama aiki na miƙa, na wa ne?

Na wanda takarda ta ce. Idan ba a rubuta ba, rigima ce ke jira. A raba abu biyu a yarjejeniya: aikin da aka gama, da kayan da aka gina shi da su. Mai kwangila na iya mallakar bitar da ka yi masa, amma siffar tantin Mina da ka sassaƙa ka riƙe haƙƙin sake amfani da ita, in ba haka ba kowane sabon ciniki daga tushe za ka fara. A rubuta shekara nawa zai yi amfani da shi, a wace ƙasa, da na'ura nawa. Hukumar kare haƙƙin fasaha ta Saudiyya na karɓar rajistar ayyuka, ga mai son ƙarin kariya.

Muryoyin dattawa kuwa hukuncinsu daban. Ka ba iyalin kwafin hirar cikakkiya, ba guntun da ka yi amfani da shi kaɗai ba, kuma kada ka sayar wa kowa mallakarta dungurungum. Ka ajiye ainihin sautin da bidiyon a faifai biyu a gida biyu, a sigar da kowace kwamfuta ke buɗewa, domin tabarau da manhajojinsa suna tsufa da wuri. Oculus Go ya fito a 2018, a 2020 aka daina sayar da shi.